Babi na Tara: Bayan An Watse Daga Biki

A shekarar 1928 wani marubucin Amurka da ke sa hannu da sunan S. S. Van Dine ya tsara dokoki 20 na rubuta labarin binciken kisa. Ta uku a cikinsu ta hana soyayya shiga labari. Shekara guda bayan haka Ronald Knox, wani limamin Katolika a Ingila wanda shi ma yake taɓa irin wannan rubutu, ya fito da nasa dokoki 10, ta biyunsu kuma ta kori fatalwa da tsafi da duk wani abu na gaibu. Dalilinsu guda ne. A wurinsu labarin bincike kacici-kacici ne tsakanin marubuci da mai karatu, kuma ba a yi wa mai karatu adalci ba idan aka ce aljani ne ya shigo ta ƙofar da aka kulle, ko aka bar zuciyar mai bincike ta rinjayi ƙwaƙwalwarsa.

Littattafan da za mu duba a wannan babi sun taka dokokin nan biyu a lokaci guda. Sun kuma taka wata ta uku, wadda a zamanin Van Dine ba ta ma bukatar a rubuta ta, domin ba wanda zai yi tunanin karya ta a fili: masoyan da ke cikin labarin duka maza ne.

Na san inda mafi yawan masu karanta wannan littafi suke zaune, na kuma san matsayin lamarin a wurinmu. Musulunci ya haramta shi, yawancin coci-cocin ƙasarmu ma haka, kuma dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi a Najeriya. Ba fatawa na zo bayarwa ba, ba kuma tallar littafin kowa nake yi ba. Tun daga babi na farko alkawarinmu shi ne mu leƙa abin da duniya take karantawa, mu ga yadda ake ƙera shi. Wannan reshe yana da kasuwa babba a Amurka da Turai da Sin, kuma marubutansa sun ci karo da wata matsala ta sana'a da ta daɗe tana kayar da marubutan soyayya a ko'ina: me za ka rubuta bayan an watse daga biki?

Duk wanda ya taso da littattafan soyayya na Kano ya san inda alƙalami ya fi tsayawa. An sha wuya, iyaye sun ƙi, mai kuɗi ya shigo tsakani, daga ƙarshe an ɗaura aure, an kai amarya, marubuci ya ce tammat. Kaɗan ne, irin su Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kwikwiyo Ne, suka fara labari daga tsakiyar gidan aure, inda kuɗin cefane da kishiya da saki suke. Neman aure yana da sauƙin rubutawa saboda yana da tambaya guda: za su samu juna ko ba za su samu ba? Zaman aure ba shi da wannan tambaya. Shi ya sa masu labarin bincike na Turawa suka daɗe suna barin jaruminsu gwauro. Dorothy L. Sayers ta haɗa Lord Peter Wimsey da Harriet Vane a 1930, ta ja su har 1937 kafin ta aurar da su a Busman's Honeymoon, kuma shi ne cikakken littafi na ƙarshe da ta kammala a kansu. Raymond Chandler ya fara rubuta littafin da Philip Marlowe ya yi aure a ciki, ya mutu a 1959 bai wuce babi huɗu ba. Agatha Christie ce ta yi ta maza da Tommy da Tuppence, waɗanda ta fara da su suna samari a 1922 ta bi su har tsufa a 1973, amma ko ita ta fi yawan komawa ga Poirot da Miss Marple, waɗanda ba su da miji ba su da mata.

Mai binciken gaibu kuwa tsoho ne a adabin Ingilishi. Sheridan Le Fanu ya kawo Dokta Hesselius a 1869, Algernon Blackwood ya kawo John Silence a 1908, William Hope Hodgson ya biyo da Carnacki. Dukansu maza ne masu ilimi, marasa iyali, da ake kira gidan da ake jin motsi da dare su gano ko fatalwa ce ko makircin magada. Bayan soyayya da gaibu, igiya ta uku, wato jarumin da ke son namiji ɗan'uwansa, ita ta fi daɗewa a ɓoye. E. M. Forster ya rubuta Maurice tsakanin 1913 da 1914, ya hana a buga shi sai bayan ransa, ya fito a 1971. Abin da ya sa littafin ya zama haɗari shi ne masoyan ba su mutu ba, ba a kuma hukunta su ba a ƙarshe. Joseph Hansen ya fito da Dave Brandstetter a 1970, mai binciken kamfanin inshora a Kalifoniya, ya rubuta littattafai 12 a kansa har 1991. Amma haɗuwar igiyoyin nan uku wuri guda sai da ta jira intanet. Da ƙananan kamfanonin buga littafin lantarki suka yawaita, Amazon kuma ta fito da Kindle a 2007, marubuci ya daina bukatar amincewar babban kamfani, mai karatu ma ya daina bukatar tsayawa gaban mai kanti da bangon littafi a hannu.

Misalin da ya fi dacewa a zauna a kansa shi ne jerin Whyborne da Griffin na Jordan L. Hawk, littattafai 11 da suka fara da Widdershins a 2012 suka ƙare da Deosil a 2019. An kafa labarin a ƙarshen ƙarni na 19, a wani ƙirƙirarren gari na bakin teku a jihar Massachusetts. Percival Endicott Whyborne ɗan attajirin jirgin ƙasa ne da ya guje wa dukiyar ubansa ya kama aiki a gidan adana kayan tarihi, yana karanta matattun harsuna. Mutum ne mai kunya, dogo, maras sakewa cikin jama'a, wanda ya yanke wa kansa hukuncin zama shi kaɗai. Griffin Flaherty tsohon jami'in kamfanin bincike na Pinkerton ne, maraya da aka ɗauko daga gabashin Amurka a irin jiragen ƙasan nan da suka riƙa kai marayu gonakin yamma, ya tashi a Kansas. A Chicago ya ga wani abin da hankali ba zai ɗauka ba, abokin aikinsa ya mutu, da ya faɗi abin da ya gani sai aka kai shi gidan mahaukata. Wani littafi da aka rubuta da baƙaƙen sirri ne ya haɗa su: Griffin yana bukatar mai warware shi, Whyborne kuma da ya warware sai ya tarar littafin tsafi ne.

A littafi na farko an gama maganar ko za su so juna. Saura littattafai 10. A nan ne dabarar take.

Hawk ya gane cewa mutanen nan biyu suna ɗauke da sirri iri biyu masu kama da juna. Ba za su iya gaya wa 'yan sanda cewa matsafa ne suka ta da gawa ba, domin za a ce sun zautu. Ba za su iya gaya wa maƙwabta abin da ke tsakaninsu ba, domin kurkuku ne ko gidan mahaukata, kuma Griffin ya riga ya san ɗanɗanon na biyun. A idon gari Whyborne ɗan haya ne a gidan Griffin, har da ɗakinsa daban don baƙo ya gani. Saboda haka duk dodon da ya fito daga teku ko daga ramin ma'adinai yana zuwa ne ya tarar da gida mai rufin asiri guda biyu, kuma yaƙi da shi yana barazanar yaye duka biyun. A littafi na uku, Stormhaven, bincike ya mayar da Griffin cikin gidan mahaukata a daidai lokacin da iyayen da suka riƙe shi suka zo daga Kansas ziyara. Abin da mai karatu ya fi jin tsoro a littafin shi ne zaman cin abinci da surukai waɗanda ba su san surukai ba ne. Dodon yana zuwa a baya.

Zuwa tsakiyar jerin sun ba juna zobe, ba liman ba alƙali ba takarda, suka riƙa kiran juna miji a cikin gida. Sai rigimar ta sauya launi. Whyborne yana ƙara nutsewa cikin sihiri, Griffin yana tsoron abin da sihirin zai mayar da shi. An gano jinin Whyborne ma ba na mutane zalla ba ne, yana da dangi a ƙarƙashin teku. Wa zai bi wani garinsu, wa ya ɓoye wa wani magana don kada ya damu, wa ya jefa kansa cikin haɗari ba tare da shawara ba. Cire tsafin ka ajiye gefe, abin da ya rage matan aure da mazan aure na ko'ina za su gane shi. Akwai kuma abin da na ga ya dace a yaba: abokiyar aikinsu Christine Putnam, mai tonon kayan tarihin Masar, ta yi nata auren a fili da biki da shaidu, marubucin ya ajiye aure biyun kafaɗa da kafaɗa, bai ce komai ba, ya bar mai karatu ya ga wanne ne doka ta sani.

Wani ƙaramin abin lura, tunda mun zo nan. Massachusetts ɗin da aka zaɓa don wannan ɓoyayyen aure ita ce jiha ta farko a Amurka da ta halatta auren jinsi, a 2004. Mai karatu Ba'amurke ya san haka, jaruman labarin kuwa ba za su kai ga ganinsa ba.

A Ingila KJ Charles, wadda ta yi aikin edita a kamfanin littattafan soyayya na Mills & Boon kafin ta koma rubutu, ta bi hanya makamanciya da The Magpie Lord a 2013. Lord Crane ya dawo daga Sin bayan shekara 20 da ubansa ya kore shi, ya gaji sarauta da gida da kuma sammun da ke neman ransa. Wanda aka kira ya karya sammun shi ne Stephen Day, ɗan ƙaramin mutum matalauci mai aikin hukunta matsafan da suka wuce gona da iri, wanda gidan su Crane ne suka ruguza mahaifinsa. Zamanin Sarauniya Victoria ne, zamanin da ya haifar da dokar 1885 kan tarayyar maza da maza wadda da ita aka yanke wa marubuci Oscar Wilde shekara 2 da aiki mai tsanani a 1895, kuma Ingila ba ta sassauta ba sai 1967. Charles ta fi Hawk kaifin ido a kan kuɗi da matsayi. Crane yana da dukiyar da zai hau jirgin ruwa ya bar ƙasar in asiri ya tonu. Stephen ba shi da komai sai aikinsa da sunansa. Mai barazanar tona asiri don a ba shi kuɗi ya fi ɓerayen tsafi ban tsoro a littafi na biyu, kuma a na uku mafitar da ta rage musu ita ce barin Ingila.

Littafinta da na fi ganin ƙwarewa a ciki shi ne The Secret Casebook of Simon Feximal. Robert Caldwell ɗan jarida ne da ya shafe shekaru yana buga labaran mai korar fatalwa Simon Feximal, kamar yadda Watson yake yi wa Sherlock Holmes, yana cire kansa daga ciki. Wannan kundin shi ne wanda ya ɓoye, inda ya mayar da abin da ya cire. Mutum biyu sun yi zaman shekara 20 da wani abu, amma a takarda ɗaya ba kowan ɗaya ba ne. Fatalwa a wurin Charles mamaci ne da aka hana labarinsa fita, kuma mai ba da labarin yana gab da zama irinta.

To, duk wannan ya yi aiki ne saboda akwai abin ɓoyewa. Ranar da doka ta sauya fa? Holan ta fara halatta auren jinsi a 2001, Ingila da Wales suka fara ɗaurawa a watan Maris na 2014, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin Obergefell ranar 26 ga Yunin 2015 ya game jihohi 50. Marubucin da ya kafa labarinsa a wannan zamani ya rasa babban makaminsa. Ya koma daidai inda Sayers ta tsaya a 1937.

Jerin PsyCop na Jordan Castillo Price ya ratsa wannan sauyi da ƙafarsa. Ya fara da Among the Living a 2006, lokacin da jihar Illinois ba ta san irin wannan aure ba, ya ci gaba har bayan ta halatta shi a 2014. Victor Bayne ɗan sanda ne a Chicago da ke ganin matattu yana jin maganarsu, baiwar da ta zame masa azaba har yana shan ƙwayoyi don ya dushe ta. Jacob Marks ɗan sanda ne mai kwarjini, mai son tsari, mai kuma son sanin komai. Price ta ba da littafi kusan guda ga neman gida, domin ina za ka zauna da mutumin da duk gidan da aka shiga sai ya ga wanda ya mutu a ciki? Daga ƙarshe tsohuwar masana'antar gwangwani suka saya. Matsalar Victor ba maƙwabta ba ce, ba kuma doka ba. Mutum ne da hukuma ta tsare a sansanin horo tana gwaji a kansa yana matashi, ya fito bai iya yarda da kowa ba, kuma yarda ita ce jarin zaman tare. Sai da aka haura littattafai 10 kafin a kai ga ɗaurin aure.

Charlie Adhara, a jerin Big Bad Wolf mai littattafai 5 da ya fara a 2018, ta mayar da sirrin ne kan gaibu kacokan. Cooper Dayton jami'in gwamnati ne da wani mai rikiɗa ya taɓa yi wa rauni, Oliver Park kuma mai rikiɗa ne, mutum da ke zama kyarkeci, kwatankwacin abin da kakanninmu ke faɗa na masu rikiɗa kura. Ba wanda ya damu da cewa su biyun maza ne. Abin ɓoyewa shi ne ɗaya ba mutum zalla ba ne. Ka dubi yadda ta jera littattafan: na farko haɗuwa, na biyu gidan su Cooper, na uku dangin Park, na huɗu sun shiga wani wurin sasanta ma'aurata da sunan bincike suka tarar su ma suna bukatar sasantawar, na biyar shirin biki. Matakan aure ne ɗaya bayan ɗaya, an rataya wa kowanne gawa guda.

A Sin kuwa sirrin bai tafi ko'ina ba, sai dai ya tashi daga kan jarumai ya koma kan marubuta. Mo Dao Zu Shi, na marubuciyar da ke amfani da sunan Mo Xiang Tong Xiu, ya fito kashi-kashi a shafin Jinjiang daga 2015 zuwa 2016. Wei Wuxian, wanda ya mutu aka dawo da shi a jikin wani, da Lan Wangji suna bin sawun wani yankakken hannu gari-gari suna tattara sassan gawa don gano wanda ya yi kisan. A littafin sun ƙare a matsayin ma'aurata. Da aka mayar da shi fim mai dogon zango a 2019 da sunan The Untamed, masu tacewa ba za su bari ba, sai aka mayar da su aminai, masu kallo kuma suka riƙa karanta abin da aka cire a cikin kallon ido da shiru. A 2018 wata kotu a Sin ta yanke wa wata marubuciya mai suna Tianyi ɗaurin fiye da shekara 10 kan buga littafin batsa na jinsi ɗaya da sayar da shi. Fassarar Ingilishi ta Mo Dao Zu Shi kuwa ta shiga jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times a ƙarshen 2021.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da ke wannan kasuwa zinariya ne. Mafi yawansa kwafi ne: dogon mutum mai fushi, gajere mai baiwa, gawa a babi na biyu, shimfiɗa a babi na takwas, rashin fahimtar da kalma ɗaya za ta warware amma a ja ta shafi 60. Kusan dukansu, har da waɗanda na yaba, suna da bayanin kwanciya filla-filla, wanda sau da yawa yake tsayar da bincike cak kamar motar da mai ya ƙare mata. Akwai kuma cutar da ke kama kowane labari mai dogon zango: dodon bana dole ya fi na bara girma, har a wayi gari malamin harsunan nan mai kunya ya zama wanda duniya ta dogara da shi, abin da ya sa aka so shi tun farko ya fara dushewa. Littattafan ƙarshe na Whyborne da Griffin ba su tsira daga wannan ba. Sannan akwai tsohuwar gardama kan su wa ke rubutawa kuma don wa. Kaso mai yawa na marubuta da masu karatun wannan reshe mata ne, wasu suna fakewa da sunan maza ko haruffa. Da ta bayyana a 2015 cewa Josh Lanyon, mai jerin binciken Adrien English, mace ce, an yi ta ce-ce-ku-ce, wasu maza masu neman jinsinsu suna cewa an mayar da rayuwarsu kayan nishaɗin wasu.

Duk da haka, idan aka tambaye ni wa ya ci gardamar da Van Dine ya buɗe, zan ce ya yi gaskiya a rabi. Soyayyar neman aure tana dagula bincike, domin tana jan hankalin mai karatu daga tambayar wa ya yi kisa zuwa tambayar yaushe za su faɗa wa juna. Zaman aure ba ya yin haka. Mai bincike da ke da wanda yake jiransa a gida yana da abin asara duk lokacin da ya sauka ramin da ake jin kuka a ciki, kuma yana da wanda zai gane ƙaryarsa tun kafin ya rufe baki. Hawk da Charles da Price sun gano wannan, suka kuma gano cewa gawa da fatalwa suna ba ma'aurata aikin yi tare, wanda shi ne abin da marubucin soyayya zalla yake rasawa da zarar an kai amarya. Van Dine ya rubuta littattafai 12 a kan jaruminsa Philo Vance, ya bar shi gwauro daga na farko har na ƙarshe, kuma yau kaɗan ne suke neman su.